Yadda Za Ka Kama Kamfanin Sadarwa da Hujja Idan Yana Zuƙe Maka Data Ko Ya Toshe Maka Intanet

Kamfanin sadarwa shi ne mai kaya, shi ne mai awo, kuma mudun a hannunsa yake. Shi zai ce ya ba ka 5GB, shi kuma zai ce ka cinye su cikin kwana 3. Muddin ba ka da naka ma'aunin, duk hayaniyar da za ka yi a Facebook ba za ta dawo maka da ko megabait ɗaya ba. Abu biyu ne ke sa a saurare ka: hujja mai kwanan wata da lokaci, da kuma lambar ƙorafi. Kafin ka kai can, sai ka rarrabe matsalar tukuna, domin abubuwa uku ne mutane ke cakuɗawa su kira su cutar kamfani. Ko dai wayarka ce ke cin datar, ko sabis ne ya lalace, ko kuwa da gangan kamfanin ya yi. Kowanne da yadda ake gane shi.

Fara da wayarka

Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe. Idan waya tana jan data da gudun 1Mbps ba tsayawa, a awa ɗaya ta ci 450MB. To bidiyon da ke buƙatar 5Mbps zai ci sama da 2GB a awa. Netflix da kansa ya ce kallon bidiyo mai tsabta sosai na iya kai 3GB a awa. Wannan ne ya sa wanda ya bar 3G ya koma 4G ko 5G yake ganin data ta daina auki. Manhajar YouTube da TikTok suna duba ƙarfin sabis, idan sun ga yana da gudu sai su ɗaga ingancin hoton da kansu. Minti 10 ɗin da ka saba kallo ne, amma nauyinsa ya ninka.

A Android, shiga Settings, ka nemi wurin da aka rubuta Data usage. Sunan yana ɗan bambanta tsakanin Tecno da Infinix da Samsung, amma duk suna da shi. Can za ka ga jerin manhajoji da abin da kowace ta ci, a gaba da kuma a ɓoye. Ka saita ranar fara ƙirga ta zama ranar da ka sayi datar, in ba haka ba lissafinka da na kamfani ba za su taɓa haɗuwa ba. A iPhone, ka shiga Mobile Data, ka gangara can ƙasa ka danna Reset Statistics a ranar da ka saya, domin ita ba ta sake ƙirga da kanta duk wata. A wurin kuma ka kashe Wi-Fi Assist, wanda ke komawa kan datarka shiru idan wayifai ya yi rauni.

Ɓarayin da aka fi kamawa a nan sanannu ne: WhatsApp da ke sauke kowane bidiyon da aka tura a zauruka, Google Photos da ke kwashe hotuna zuwa ma'ajiya, Play Store da ke sabunta manhajoji, da kwamfutar da aka jona ta hotspot. Ita kwamfuta mai Windows tana ɗaukar hotspot ɗinka tamkar wayifai na kyauta, tana iya sauke sabuntawa na gigabait da yawa a zama ɗaya, sai fa idan ka shiga saitin wannan wayifai ɗin ka kunna Metered connection. Mai rauta ko MiFi ya duba lambar da ke rubuce a ƙarƙashin na'urar, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, ya buɗe ta a burauza, ya ƙirga na'urorin da ke jone. Idan gidanka waya 4 ne ka ga 9, to maganarka da maƙwabta ce, ka sauya kalmar sirri.

Gwajin da ke raba gardama

Idan ka toshe waɗannan duka amma har yanzu kana zargi, yi wannan gwajin. Kashe wayifai da hotspot. Idan layi biyu ne a wayar, tabbatar wanne ke ba da data. Kunna Data Saver don a hana manhajoji ci a ɓoye. A layukan Najeriya, danna *323# ka ga ragowar datarka, ka ɗauki hoton fuskar wayar yadda agogo zai fito a sama. Sai ka sauke fayil ɗaya wanda ka san nauyinsa, a ce 100MB. Da ya gama ka kashe data, ka jira kamar minti 15, domin lissafin kamfani yakan yi jinkiri, sannan ka sake danna *323# ka ɗauki hoto.

A misali, idan da 2,340MB ne, ya kamata ka ga wajen 2,230MB zuwa 2,240MB. Ƙarin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba sata ba ne. Kowane ƙunshin bayanai yana tafe da adireshi da bayanan sarrafawa, kuma idan sabis ba shi da ƙarfi wasu sukan ɓace a hanya a sake turo su, duk a kanka ake ƙirgawa. Amma idan fayil na 100MB ya ci 160MB ko 200MB, kuma ka maimaita a rana daban ka samu haka, to ka samu abin kaiwa gaba.

Kuskuren da ke ɓata wannan gwaji shi ne rashin duba aljihunan data. Layi ɗaya na iya ɗauke da data ta ainihi, da garaɓasa, da ta dare, da ta manhajojin sada zumunta kawai, kowacce da ranar ƙarewarta da tsarin wadda ake fara ci. Sau da yawa abin da mutum ya ɗauka an sace, garaɓasa ce mai kwana 7 wa'adinta ya cika. Tallan yakan haɗa su duka ya rubuta adadi ɗaya da manyan baƙaƙe, sharaɗin kuma a ƙasa da ƙanana. Wannan wayo ne da ya cancanci ƙorafi, shi ya sa ma a 2024 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta umarci kamfanoni su sauƙaƙa tsare-tsarensu su riƙa bayyana sharuɗɗa dalla-dalla. Ka ɗauki hoton tallan da saƙon tes na tabbatar da saye tun ranar farko, domin su ne yarjejeniyarku.

Kuɗin kati da ke ɓacewa

Wannan ya fi saurin magani. Tun 2023 lambobin sun zama iri ɗaya a duk layukan Najeriya: *310# duba kuɗi, *312# sayen data, *323# ragowar data, 300 kiran ma'aikatan kamfani. Danna *305# ka ga duk wata hidimar da aka yi maka rijista, irin su waƙar kira, labaran ƙwallo, wasanni da kacici-kacici, ka soke wadda ba ka sani ba. Yawancinsu ta hanyar talla ake faɗawa: akwatin saƙo ya faɗo a fuskar waya, ka danna OK don ka kawar da shi, ashe ka amince a riƙa cire ₦50 kullum. Sai ka tura STOP zuwa 2442 don a daina turo maka tallace-tallace gaba ɗaya. Kyauta ne, kuma tun 2016 yake aiki.

Abu na biyu shi ne sabunta data kai tsaye. Tun 2018 NCC ta hana a sabunta wa mutum tsari ba da yardarsa ba, kuma ta ce a riƙa tsallakar da ragowar data zuwa sabon saye idan an sabunta cikin wa'adi. Lokacin saye, idan an tambaye ka sau ɗaya ko a riƙa sabuntawa, zaɓi sau ɗaya. Sannan ka kula da lokacin da data ta ƙare alhali akwai kuɗi a layin, domin wasu tsare-tsaren sukan juya kan kuɗin kati da farashin kowane megabait, wanda ya fi na tsari tsada nesa ba kusa ba.

Kan farashi kuwa, kamfani ba shi da ikon ƙarawa sai da amincewar hukuma. A Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba. Da MTN ya ɗaga wani tsarinsa na 15GB daga ₦2,000 zuwa ₦6,000 a watan Fabrairu, surutun jama'a ya sa ya fito ya ba da haƙuri. Starlink ma a Oktoban 2024 ya ɗaga kuɗin wata daga ₦38,000 zuwa ₦75,000, NCC ta ce ba da izininta ba, ya dakatar da ƙarin a lokacin.

Rage gudu: cunkoso ne ko ganganci

Nan ne aka fi yin zargi ba tare da hujja ba, don haka a bi a hankali. Da farko duba ƙarfin sabis da lamba, ka bar kallon sandunan nan na saman waya. A Android, cikin About phone akwai SIM status, za ka ga lamba mai alamar ragi da dBm a gabanta. A 4G, wajen -80 sabis ne mai kyau, -100 ya fara rauni, daga -110 zuwa ƙasa kuwa nisan turken sadarwa ne ko kaurin bango ke damunka. Ka fita waje ka sake dubawa kafin ka zargi kowa.

Idan lambar tana da kyau, yi gwajin gudu da manhajar Speedtest a wuri ɗaya sau uku a rana: bayan sallar asuba, da azahar, da kuma bayan isha'i, na tsawon kwana 3 zuwa 5. Idan da asuba kana samun 25Mbps, da dare ya faɗo 2Mbps, cunkoso ne: mutane sun yi wa turken unguwarku yawa. Shi ma gazawar kamfani ne, ya sayar da abin da ya fi ƙarfin kayan aikinsa, amma ba kai aka nufa ba. Idan kuwa gudun ya tsaya cak a lamba ɗaya dare da rana, kamar 1Mbps ko 512kbps, bayan ka yi kwanaki kana amfani sosai, to ƙa'idar nan ce ta amfani daidai gwargwado da ke ɓoye cikin tsare-tsaren da ake tallatawa da sunan mara iyaka. Akwai adadin da idan ka kai shi za a shaƙe layin har ƙarshen wata. Nemi wannan adadin a rubuce kafin ka biya. A tuna kuma gwajin kansa yana cin data, a sabis mai gudu sau ɗaya na iya cin gomman megabait, a 5G ɗaruruwa.

Akwai nau'i na uku, inda kamfani ke rage gudun wata manhaja ita kaɗai. Ana gane shi ta kwatance. Gwada Speedtest, nan take ka gwada Fast.com, wanda ke auna gudu daga na'urorin Netflix. Sannan ka kunna VPN ka sake kallon bidiyon da ke tsinkewa. VPN yana rufe wa kamfani ido daga sanin irin abin da kake ja, kuma a ka'ida yakan ɗan rage gudu ne. To idan bidiyo ya fi tafiya lafiya da VPN, a wuri ɗaya, a minti ɗaya, sau da yawa, akwai alamar tambaya. Ba hujja ce yankakkiya ba, domin wani lokaci hanyar da kamfanin ke bi zuwa wannan shafin ce ta cushe. Manhajar Wehe, wadda masu bincike na Jami'ar Northeastern a Amurka suka ƙirƙira, an yi ta ne musamman don wannan gwaji, sakamakonta ya fi nauyi a ƙorafi. Ƙa'idojin intanet da NCC ta fitar a 2019 sun hana toshe ko rage gudun abin da doka ta halatta, sai dai abin da kula da lafiyar sabis ya tilasta.

Wani lokaci kuma laifin ba na nan kusa ba ne. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da dama sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi kwanaki tana tangal-tangal har bankuna suka shiga ciki. A cikin gida kuma masu aikin titi na yawan tsinka wayar faiba. Duk da haka kana da haƙƙi: umarnin NCC na 2025 ya ce kamfani ya sanar da jama'a idan an samu babbar katsewa, kuma idan ta wuce awa 24 ya rama wa masu layi, misali ta tsawaita wa'adin datarsu. Rubuta lokacin da sabis ya ɗauke da lokacin da ya dawo.

Idan shafi ya ƙi buɗewa

Gwada shi a layin wani kamfani. Idan ya buɗe a can, ya ƙi a naka, koma ka sauya DNS, wato tsarin da ke juya sunan shafi zuwa lambarsa. Toshewa mafi arha ita ce kamfani ya sa nasa DNS ɗin ya ƙi ba da amsa. A Android 9 zuwa sama, nemi Private DNS ka rubuta dns.google ko one.one.one.one. A kwamfuta ko rauta ka sa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1. Idan shafin ya buɗe, ka gano irin toshewar. Idan bai buɗe ba, an toshe ne ta lambar shafin ko ta sunansa da ke bayyana lokacin ƙulla haɗi, nan sai VPN ko manhajojin tsallake toshewa irin su Tor Browser da Psiphon.

Irin wannan toshewa galibi umarni ne daga sama, kamfanoni kuma su aiwatar ba musu, don lasisinsu a hannun gwamnati yake. Haka aka yi da Twitter a Najeriya daga 5 ga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022, wanda daga baya kotun ECOWAS ta yanke hukunci a Yulin 2022 cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. A lokacin, Antoni Janar Abubakar Malami ya yi barazanar gurfanar da masu tsallake haramcin, don haka kowa ya auna halin da ƙasarsa ke ciki kafin ya kunna VPN.

Game da VPN ɗin, a yi hattara da na kyauta da suka cika Play Store. Duk abin da ka ɓoye wa kamfanin sadarwa ka miƙa shi ne ga mai VPN, wasu kuma da sayar da bayanan mutane suke cin abinci. Proton VPN na da tsarin kyauta kuma an san masu shi. Ka sauke tun kafin buƙata ta taso, domin ranar da aka toshe shafi akan toshe wuraren sauke VPN ma. Abu biyu da ke ba mutane mamaki: manhajar banki na iya ƙin buɗewa idan ta ga kamar daga wata ƙasa kake, kuma datar WhatsApp ko Facebook kawai ba ta aiki da VPN, domin kamfani ba ya ganin inda ka nufa, sai ya cira daga babbar datarka ko kuɗin kati. Mai son ajiye hujjar toshewa ya yi amfani da OONI Probe, manhajar da ke gwada shafukan da aka toshe, amma ya sani sakamakon gwajinsa ana wallafa shi a fili, kuma kamfaninsa na iya ganin yana gwajin.

Idan an kashe sabis ɗungurungum, babu VPN ɗin da zai yi aiki, don babu hanyar da zai bi. A Satumban 2021 NCC ta umarci a rufe turakun sadarwa a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mako 2 aka ce da farko, amma wasu ƙananan hukumomi sun shafe watanni, kuma rufewar ta shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A Nijar ma an katse intanet ta waya kusan kwana 10 daga 24 ga Fabrairu 2021, bayan sanar da sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. Wanda ke yankin da hakan ka iya faruwa ya ajiye tsabar kuɗi, domin POS da tiransifa duk tsayawa suke, ya rubuta muhimman lambobi a takarda, ya sauke taswirar yankinsa a waya. Manhajar Briar a Android tana aika saƙo ta bulutut tsakanin wayoyin da ke kusa, amma tazararta 'yan mitoci ne, ba za ta kai saƙo wani gari ba.

Kai ƙorafi

Tsarin hawa-hawa ne, wanda ya tsallake matakin farko za a maido shi. Kira 300, idan akwai zaɓin Hausa ka danna. Kada ka fara da "kun cuce ni". Faɗi lambarka, sunan tsarin, ranar saye, adadin kafin gwaji da bayansa, da abin da kake so a yi: a maido megabait kaza, ko naira kaza, ko a ƙara kwana kaza. Za a ce ka kashe waya ka kunna, ko a ce manhajojinka ne. Sai ka ce, "Malama, na riga na yi wannan, ina da hotuna. Don Allah a buɗe min ƙorafi a ba ni lambarsa." Kada ka ajiye waya sai an karanto maka lambar ko ta shigo ta tes, ka tambayi kuma kwana nawa za a ɗauka. Ka nemi a turo maka bayanin yadda aka ci datarka rana-rana, yana cikin na'urarsu.

Idan wa'adin ya wuce ba a yi komai ba, ko an rufe ƙorafin ba a warware ba, kira 622. Layin NCC ne na kyauta, kuma abin da za su fara tambaya shi ne wannan lambar ƙorafin. Hukumar tana da ofishin shiyya a Kano ga mai son kai takarda hannu da hannu. Ka kai kwafi biyu a buga maka hatimi a ɗaya. Idan maganar talla ce ta yaudara ko sharaɗin da aka ɓoye, hukumar kare masu saye, FCCPC, ita ma tana karɓa ta shafinta. Idan bayananka ne aka bai wa 'yan talla ko masu ba da bashi, dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ka damar kai kuka ga hukumar NDPC. A Nijar, mai layin Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecoms zai fara da kamfaninsa, sannan ya wuce ARCEP, hukumar da ke kula da sadarwa a can.

Ƙorafin cunkoso ya fi tasiri idan na taro ne. Mutum 20 a unguwa ɗaya, kowa da lambar ƙorafinsa da hotunan gwajin dare, a haɗa cikin takarda ɗaya da sunan unguwar, wannan yana kaiwa ga injiniyoyi. Na mutum ɗaya a teburin amsa kira yake tsayawa.

Idan ka gaji, kana iya komawa wani kamfani da lambarka, tsarin da ke aiki tun 2013. Ka je ofishin sabon kamfanin da kanka da shaidar NIN wadda sunanta ya yi daidai da rijistar layin, ka cike fom, ka tura PORT zuwa 3232, su ba ka sabon sim. Ka cinye kuɗin kati da datar tsohon layin tukuna domin ba sa bin ka, ka biya bashin kati idan ka ci, kuma kafin ka je ka ari layin sabon kamfanin ka gwada shi a ɗakinka da wurin sana'arka bayan isha'i, tunda da zarar ka koma sai ka jira makonni kafin a bar ka ka sake sauyawa.